ƘARSHEN HUNTURU A ƘASAR BARNO

Kowane yaro na ƙasar nan ya san shekara ta kasu kashi huɗu, watau damina, da kaka, da ɗari, da bazara. Barebari ma haka su ke kasa ta, suna ce da damina Nengeli, kaka Bigela, ɗari Binem, bazara kuwa Be. Amma akwai wani ɗan tsakani wanda bai sami suna ba, shi ne mako shida ko bakwai daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. Da asuba mutum yana neman bargo, kafin azahar yana neman inuwa. Yau gari ya yi garau har a ce hunturu ya yi sallama, jibi a wayi gari hazo ya rufe Yerwa, ba a ko hangen hasumiyar masallaci.

Mutane da yawa su kan saki jiki a wannan lokaci, don sun ga sanyi ya sassauta, zafi kuwa bai kai matuƙa ba. Alhali kuwa a cikinsa ne iska ta fi bushewa duk shekara. A cikinsa ne sanƙarau ya ke tasowa, wuta ta ke cin gidaje da kasuwanni, alkamar da aka makara shukawa ta ke lalacewa. Wanda duk zai fita daga kwalejin nan a danƙa masa 'ya'yan mutane, ya kamata ya san dalilin waɗannan abubuwa. To, bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Iskoki Biyu

Iskoki biyu ne ke yin sarauta a Afirka ta Yamma, suna karɓa-karɓa. Ta fari tana tasowa daga Tekun Atilantika, ta nufo mu ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ita ce uwar damina. Ta biyu tana tasowa daga Hamadar Sahara, ta nufo mu ta arewa maso gabas, ba ta ɗauke da kome sai ƙura. Ita ce hunturu.

Inda iskokin nan biyu su ke karo ya zama kamar iyaka tsakanin sarakuna biyu, sai dai iyakar ba ta zama wuri guda. Bin rana ta ke yi. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku, Nijeriya kusan duka tana hannun hunturu. Daga nan sai ta riƙa matsowa arewa sannu sannu, har a watan Agusta ta wuce Agadas ta shiga cikin hamada. Sa'an nan ta juya ta koma kudu. Ba ta kan iso daidai Maiduguri ba sai wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Ko ta iso ma ruwa ba ya sauka nan da nan, gama hadarin kirki yana biye da ita ne daga baya, da tazara mai yawa. Shi ya sa mu kan ji gumi ya fara tsattsafo mana makonni kafin mu ga ruwan shuka.

Rana Ta Riga Iska Dawowa

Ga gindin maganar duka. Maiduguri tana kusan digiri 12 arewa da Ikwaita, watau layin da ya raba duniya biyu. Ran 21 ga Disamba rana tana can kudu ƙwarai, ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 55 daga ƙasa. Haskenta yana zuwa a karkace, ya bazu bisa fili mai faɗi, don haka ba shi da kaifi. Daga ranar nan sai ta fara komowa arewa. Kafin ƙarshen Fabrairu ta hau digiri 70. Ran 21 ga Maris tana bisa Ikwaita, a wurinmu kuwa ta kai digiri 78. Wajen 21 ga Afrilu sai ta tsaya bisa kanmu cak, mutum ya taka inuwarsa.

Kun ga ke nan rana tana sauri. Amma iskar teku nawa gare ta, tana biye da rana da tazarar mako shida ko fiye. Saboda haka a ƙarshen Fabrairu da cikin Maris mu kan sami kanmu tsakanin abu biyu: bisa ga rana irin ta bazara, ƙasa ga iska irin ta hunturu. Zafi yana ƙaruwa kullum, laima kuwa ba ta zo ba.

Iska kuwa hali gare ta kamar soso. Gwargwadon zafinta, gwargwadon ruwan da ta ke iya sha. Iskar hamada da ta zo mana a Disamba busasshiya ce, amma da ya ke sanyi gare ta, ƙishirwarta da sauƙi. Ita wannan iskar, in rana ta gasa ta a Maris, sai ta zama kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba. A tsakiyar damina, da safe, laimar iska a Maiduguri ta kan wuce kashi 80 cikin 100. Da azahar a watan Maris ta kan sauka wajen kashi 10 zuwa 15, wata rana ma ƙasa da haka. Shi ya sa wanki ke bushewa kafin a gama shanya, tawada ta ƙafe a bakin alƙalami, bangon littafi ya nannaɗe, allon tebur ya tsage, leɓe ya fashe, diddige ta yi faso. Shi ya sa kuma in ka tuɓe riga cikin duhu ka kan ji ƙas-ƙas, ka ga tartsatsi, don busasshiyar iska ba ta barin lantarkin da gogayya ta tara a tufa ya zurare.

Sanyin Asuba Da Zafin Azahar

A watan Janairu ma'aunin zafi a Maiduguri ya kan nuna wajen digiri 13 da asuba, da rana kuwa wajen 32. A Fabrairu asuba ta kan kai 15, rana 35. A Maris asuba wajen 20, rana wajen 38. A Afrilu zafin rana ya kan kai 40 har ya wuce. Ku dubi Fabrairu da kyau: tsakanin asuba da azahar akwai tazarar digiri 20 cikin yini guda. A Ikko, bakin teku, tazarar ba ta kan kai rabin haka ba.

Dalili shi ne, ƙasa tana shan zafin rana da yini, da dare kuma ta mai da shi sama. In akwai gajimare ko laima a iska, sai su zama kamar mayafi, su tare zafin kada ya tsere. A ƙarshen hunturu babu mayafin nan. Da rana ta faɗi sai zafi ya yi ta zurarewa sama ba mai tare shi, har zuwa fitowar rana, lokacin da sanyi ya ke kai iyakarsa. Da rana ta ɗaga kuma, ba ruwa a ƙasa da zai sha zafinta, ba ɗanyar ciyawa, sai ƙasa ta ɗau zafi nan da nan.

Wani abu kuma da kowa ya sani amma ba kowa ya tambayi dalilinsa ba: iskar hunturu ta kan kwanta da dare, ta tashi da hantsi. Da dare iska mai sanyi, da ya ke nauyi gare ta, ta kan kwanta a ƙasa shiru, mai ƙarfin kuwa tana gudu can bisa, 'yan ɗaruruwan mita daga ƙasa, ba ta taɓa mu. Da rana ta ɗumama ƙasa sai ta ƙasa ta tashi, ta bisa ta sauko, su gauraya. Daga wajen ƙarfe 9 zuwa 11 sai ka ji ta tana kaɗa ƙyaure. Da la'asar ta lafa. In zafi ya ƙaru cikin Maris kuma sai a fara ganin guguwa tana murɗawa a fili da tsakar rana, da kawalwalniya tana ƙyalli bisa hanya kamar ruwa. Dukansu alamu ne ƙasa ta fi iskar da ke bisanta zafi ƙwarai.

Daga Ina Ƙurar Ta Ke?

Ku shafa yatsa bisa tebur ran da aka yi hazo, za ku ga ƙurar fari-fari ce, mai laushi kamar garin alkama, ba ta yi kama da yashin Yerwa ba. Baƙuwa ce. Mafi yawanta daga wani kwari ta ke fitowa a arewacin ƙasar Cadi, wanda a ke kira Bodele, kusa da garin Faya, kamar kilomita 800 arewa maso gabas da mu. Masana sun tabbata babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura.

Abu biyu suka haɗu a can. Na fari, akwai duwatsu manya biyu, Tibesti da Ennedi, da rata tsakaninsu. In iska ta taso daga Libiya sai ta matsu cikin ratar nan, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka toshe wa rabin bakin indararo. Na biyu, abin da ta ke tararwa a bakin ratar busasshen gindin tafki ne. Wajen shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi wani babban ruwa ne wanda faɗinsa ya fi sulusin Nijeriya ta yau, Bodele kuwa shi ne wurin da ya fi zurfi. 'Yan mitsi-mitsin halittu masu ɓawo sun rayu cikin ruwan, suka mutu, ɓawonsu ya taru a ƙasa shekara dubbai. Da ruwa ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda iska ke kankarewa ta yi sama da ita. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso mana.

Mu mutanen Barno muna da shaidar wannan tafki a ƙofar gida. Tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri ya nufi Bama, tsohuwar gaɓar tafkin ce. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna, cikin Jihar Yobe, a 1987, wanda ya kai shekara 8,000, shi ma shaida ne ƙasar nan ta taɓa zama ƙasar ruwa. Ashe ke nan ƙurar da mu ke sharewa a aji laka ce ta tafkin da mu ke zaune bakin gaɓarsa.

Ƙurar ba a wurinmu ta ke tsayawa ba. Ta kan wuce Kano, ta kai Ikko da Ankara, ta haye teku. A 2015 masana na Amurka, bayan sun auna ta da tauraron ɗan'adam shekara bakwai, sun ƙiyasta tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga Sahara ta yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 27 kuwa yana sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu. A cikinta akwai sinadarin nan da ke cikin takin supa. Gonakinmu ma suna samun rabonsu na wannan taki, ba da ko kwabo ba.

Don Me Hazo Ke Komowa?

Hunturu ba ya tafiya gaba ɗaya, sai ya yi ta waiwaye. Asalin wannan yana can Bahar Rum. A lokacin sanyin Turai, hadari ya kan bi ta tekun nan daga yamma zuwa gabas, ɗaya bayan ɗaya. Gabansa ya kan jawo iska mai zafi daga hamada zuwa arewa, ita ce mutanen Masar ke kira Hamsin, mutanen Libiya kuwa Gibli. Bayansa kuma iska mai sanyi da nauyi ta kan kwararo ta taru bisa Libiya, sa'an nan ta tunkuɗo kudu ta ratar Tibesti. Duk sa'ad da aka yi haka, Bodele ya tashi, bayan kwana ɗaya ko biyu mu ga hazo.

Hadarin Bahar Rum ba ya ƙarewa sai cikin Afrilu, don haka ko a Maris hazo yana iya komowa, wani lokaci ma ya fi na Disamba kauri. A Maris na 2006 ƙura ta rufe Yamai kwana da kwanaki. A Maris na 2010 ta rufe Nijeriya har bakin teku, bayan mutane sun ɗauka hunturu ya wuce, jiragen sama da yawa suka kasa tashi. In hazo ya yi kauri haka, zafin rana ya kan ragu, gama ƙura ta tare haske, rana ta zama kamar farin faranti. Kwana uku ko huɗu sai gari ya washe, zafi ya dawo fiye da dā.

Lissafin Malamai

Kakanninmu ba su jira ma'aunin zafi ba. Da ya ke watannin Musulunci suna ja da baya kwana 11 kowace shekara, ba su yi wa manomi daidai ba. Azumin 2024 da na 2025 cikin Maris suka faɗo, amma shekara goma sha biyar kafin nan cikin damina aka yi shi. Saboda haka malaman hisabi su ke lissafi da taurari 28, kowane kwana 13, sai guda mai 14, jimla 365. Bakwai na ɗari ne, huɗun ƙarshensu kuwa su ne Sa'adu Zabiha, da Sa'adu Bula'a, da Sa'adu Su'udu, da Sa'adul Ahbiya.  Larabawa sun ce a na ƙarshen ne abubuwan da suka ɓuya saboda sanyi su ke fitowa. Wanda ya zauna ƙauye ya san gaskiya ne, don da dare ya fara ɗumi sai kunama da maciji su fara yawo. Ku gargaɗi yara su riƙa zazzage takalmi da tabarma.

Manomi Da Makiyayi

A ƙasar firgi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, a kan dasa dawar masakwa bayan damina cikin baƙar laka mai riƙe ruwa, ta girma ba da ɗigon ruwan sama ba, a girbe ta cikin Janairu da Fabrairu kafin zafi ya tsananta. Alkama kuwa sanyi ta ke so. Masana na Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke nan Maiduguri suna horon manoma su shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya makara har Janairu, alkamarsa za ta fid da kai daidai sa'ad da zafin Maris ya sauko, ƙwayar ta ƙanƙance tun ba ta cika ba. Mai lambu kuma ya san ban-ruwan da ya ishi albasa a Disamba ba ya isarta a Maris. Tafkin Cadi kansa ya kan yi hasarar ruwa mai zurfin wajen mita 2 kowace shekara, iska da rana ne ke shanyewa.

Ga makiyayi wannan ne mafarin wahala. Tafkuna sun ƙafe, harawa ta ƙare, ciyawa ta zama ƙirare, sai gawo, wanda ke yin ganye da rani, shi ke taimakon dabbobi. In wani ya yar da guntun taba, ko maharbi ya sa wa daji wuta da hantsi sa'ad da iska ke tashi, abincin garke na wata uku ya kan ƙone cikin sa'a guda. Haka kuma in an sami ɗan yayyafi a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, kada a ruɗu a fid da iri. Iyakar iskokin nan ba ta iso ba tukuna.

Sanƙarau

Wannan shi ne abin da ya fi kome muhimmanci ga malami. Tun 1963 wani likita Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya nuna akwai wani yanki na Afirka inda sanƙarau ke yin annoba, wanda a yau a ke lissafa shi daga Sanagal har Habasha. Barno tana cikinsa. Cutar ta kan fara da rani, ta yi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu, ta lafa da saukar ruwa. Busasshiyar iska da ƙura suna kankare laushin cikin hanci da maƙogwaro, har haɓo ya kan zo, sai ƙwayar cuta ta sami ƙofar shiga jini. Ga shi kuma saboda sanyin asuba mutane suna cunkushewa ɗaki guda, su toshe taga, suna shaƙar numfashin juna.

A 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu yara da matasa na Arewa. Allurar rigakafin da aka fara yi a ƙasar nan a 2011 ta karya irin ƙwayar da ta yi wannan ɓarna, amma a 2017 wani iri dabam ya tashi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar. Duk da haka ba a sakin jiki. In yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, wuyansa ya sandare, ba ya son haske, kada a jira gobe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti a ranar, gama cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tsira a makare kuwa ya kan kurmance.

Aikin Malami

Abin da ya rage shi ne mu san abin yi. A ɗakin kwanan yara a bar tagogi a buɗe ko da ana sanyi, a ƙara musu mayafi, a ba da rata tsakanin gadaje. A yayyafa ruwa kafin shara. A mai da wasan motsa jiki da aikin lambu zuwa safe ko yamma. A ajiye randa cike a inuwa, a sa yara su sha ko ba su ce suna jin ƙishirwa ba. Kada a bar garwashi ko kyandir a ɗaki a yi barci, a kuma ajiye bokitin yashi kusa da madafa. A dasa darbejiya ta gefen arewa maso gabas na makaranta don ta rage ƙarfin iska.

Bayan wannan, lokacin nan kansa darasi ne, gani kuwa ya kori ji. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, yara su riƙa auna inuwarta da tsakar rana kowane mako. A Disamba za su sami wajen santimita 70, a ƙarshen Fabrairu 36, ran 21 ga Maris 21, a ƙarshen Afrilu kuwa su neme ta su rasa, daga baya ta ɓullo ta kudu. A rataya ma'aunin zafi biyu a inuwa, a naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da azahar a Maris bambancinsu ya kan wuce digiri 15, a Agusta kuwa ɗan kaɗan ne. Daga nan yaro zai gane abin da ke sanyaya ruwan randa, ya gane kuma dabarar malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta duniya a 2000. A ɗaura tsumma bisa gora don a ga inda iska ke fitowa. A zaɓi itace ko gini uku masu nisa dabam dabam, kowace safiya a rubuta wanda a ke iya hange. A kuma riƙa sauraron sanarwar Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya a rediyo, a gwada da abin da aka rubuta.

In aji ya riƙe littafin nan daga Fabrairu har Mayu, wata safiya yara da kansu za su zo da gudu su ce, "Malam, tsumma ya juya, iska daga kudu ta ke!" Ran nan sun fahimci labarin ƙasa fiye da abin da allo zai koya musu, iyayensu kuma za su fara gyaran gona. Allah ya raba mu da cutar rani, ya kai mu damina lafiya, amin.